TARIHI: Farfesa Olumbe Bassir da gubar da ke ɓoye cikin gyaɗarmu

 

Tarihinmu na yau na wani malamin jami'a ne. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, kuma da za a zagaya kasuwar Magarya ana tambaya, da wuya a sami mutum ɗaya da ya taɓa jin sunansa. Amma abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai yana cikin rumbunanmu, yana cikin ƙuli-ƙulin da muke tsaraba da shi, yana cikin kunun da ake dama wa yara da safe. Sunansa Olumbe Bassir, masanin kimiyyar sinadarai, wato darasin nan da muka sani da shimi a lakkwal. Kafin mu iso kansa, sai mun fara komawa zamanin da gyaɗa ce sarauniya a ƙasar nan.

LOKACIN DA GYAƊA KE RIƘE DA ƘASA

Duk wanda ya zauna da dattijan Bande, Waca, Tsatsumburum ko Malawa ya ji labarin zamanin gyaɗa, wadda wasunmu ke ce wa gujiya. Tushen abin daga Kano yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa gadan-gadan, saboda masana'antun Turai na neman mai na girki da na sabulu. Sannu a hankali noman ya hauro arewa har ya mamaye kudancin Damagaram da Maraɗi. Ƙasarmu jigawa ce mai yashi, ruwan sama kuma ya fi na arewacin jiha, sai gyaɗa ta karɓe ta. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, da ita ake sayen tufafin Salla.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da gyaɗa. A shekarun 1960, fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take sayarwa waje, gyaɗa ce ke kawo su. An kafa masana'antun tatsar mai guda uku: SICONIGER a Maraɗi, wata a Matamaye, sai SEPANI a nan Magarya. Mai ya tafi kasuwa, tunkuzar da ta rage kuma a loda ta zuwa Turai a ciyar da shanu da kaji. To ta irin wannan tunkuza ce masifar ta fara bayyana, kuma ba a nan ta bayyana ba.

TALOTALON INGILA

A shekarar 1960, talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na Ingila cikin ƴan watanni. Likitocin dabbobi sun rasa gane kan cutar, har suka raɗa mata suna cutar X, wato wadda ba a sani ba. In an feɗe tsuntsun sai a tarar hanta ta lalace. Da aka bi diddigi, sai aka gano dukansu sun ci abinci mai haɗe da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 1961 masana a Landan suka gano cewa wata funfuna ce mai suna Aspergillus flavus ke tsirowa a jikin gyaɗar, tana zuba mata guba. Daga sunan funfunar aka ciro sunan gubar: aflatoksin. Da aka auna gyaɗar wasu ƙasashe, har da ta Najeriya da ta yankinmu na Afirka ta Yamma, sai aka same ta a ciki.

A 1963, a jami'ar MIT ta Amurka, masanin shimi George Büchi da abokin aikinsa Gerald Wogan suka fayyace ainihin ginin sinadarin. Nau'o'inta an ba su haruffan B da G ne saboda hasken da suke fitarwa in an haska musu wata fitila ta musamman: wasu shuɗi, wasu kore. Da ido kawai ba a ganin gubar, ba ta da wari, kuma suya ko dahuwa irin ta gida ba ta kashe ta.

Hankalin ƙasashen da ke sayar da gyaɗa ya tashi. A 1964 suka kafa Majalisar Gyaɗa ta Afirka mai hedkwata a Legas, Nijar na cikin mambobinta. A cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya, masana biyu, McDonald da Harkness, suka bi gyaɗa tun daga gona har rumbu. Abin da suka gano duk manomi zai gane shi: gyaɗar da aka cire a kan lokaci, kwansonta lafiya lau, galibi tsabtatacciya ce. Wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, wadda gara ta huda, wadda fartanya ta fasa, da wadda ba ta bushe da wuri ba, su ne funfuna ke shiga.

Kun ga, damuwar Turai dabbobinta ne da masu sayenta. Damuwar gwamnatocinmu kada kasuwa ta rufe. Saura tambaya ta uku, wadda ta fi shafarmu: mutanen da ke noma gyaɗar nan suna cinta kullum, me take yi wa jikinsu? A cikin ƴan Afirka da suka tunkari wannan tambaya da kayan aikin kimiyya, Bassir na sahun gaba.

WANE NE BASSIR?

An haife shi a Senegal a 1919. Iyayensa ƴan Saliyo ne, daga al'ummar Oku masu asali da Yarbawa, kuma a unguwar Fourah Bay ta birnin Freetown ya tashi. Ya yi sakandare a makarantar Prince of Wales, ya wuce babbar kwalejin Yaba a Legas, sannan ya tafi Ingila. A Liverpool ya sami digirin farko a 1949, ya sami na dakta a 1951. Ku lura, yana da shekara 30 ya gama digirin farko. Ɗalibanmu da ke ganin sun makara, ga abin dubawa.

Da ya dawo Afirka ta Yamma, abin da ya fara sa wa ido a shekarun 1950 shi ne nonon uwa. Ya riƙa auna nonon mata masu shayarwa a Najeriya: nawa ne yawansa, me ke cikinsa, kuma me zai canza in an ƙara wa uwa abinci mai gina jiki irin waken suya. A lokacin, yawancin alƙaluman da likitoci ke aiki da su a kan abinci da shayarwa daga Turai aka auno su. Shi kuwa ya auna namu.

Yawancin rayuwarsa ta aiki a jami'ar Ibadan ya yi ta, wadda aka buɗe a 1948. Shi ya kafa sashen nazarin sinadaran jikin mai rai a can. Ya kafa mujallar kimiyya ta Afirka ta Yamma domin masana na gida su sami inda za su buga bincikensu. Ya rubuta wa ɗalibai littafin aikin ɗakin gwaji. Kuma ba labo kaɗai ya sani ba: a 1957 ya tattara waƙoƙin marubutan Afirka ta Yamma ya buga su cikin littafi guda.

ABIN DA YA GANO A ƊAKIN GWAJI

Lokacin da maganar aflatoksin ta taso, Bassir da ɗalibansa suka mai da hankali kan hanyar da gubar ke bi bayan an haɗiye ta. A nan ne ya kamata mu ɗan dakata, don shi ne zuciyar aikinsa.

A 1967, shi da ɗalibinsa Osiyemi suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Nature, wadda ke cikin manyan mujallun kimiyya na duniya. Sun ba ɓeraye gubar sau ɗaya, suka bi sawunta, suka nuna yadda hanta ke karɓarta ta zubar da ita ta ruwan maɗaciya. Ma'ana, hanta ce matatar da gubar ke bi. Ita ke ƙoƙarin raba jiki da ita, ita ce kuma ke shan wahalar. Wanda ke cin gurɓatacciyar gyaɗa kaɗan-kaɗan kullum, hantarsa ce ke biyan bashin shekara da shekaru ba tare da ya ji komai ba.

A 1969, shi da Enitan Bababunmi suka nuna cewa jinin ɓeran da aka ba aflatoksin yana jinkirin daskarewa. Dalilin yana cikin ginin sinadarin da su Büchi suka fayyace: wani ɓangarensa dangi ne na sinadarin da ake sa wa cikin maganin ɓera, irin wanda ke sa jini ya ƙi tsayawa. Wannan ya taimaka wajen fahimtar zubar jinin cikin jiki da ake gani ga dabbobin da suka ci gubar da yawa.

A 1970, shi da Philip Emafo suka kwatanta yadda hantar dabbobi iri daban-daban ke sarrafa gubar. Kowace dabba da yadda hantarta ke juya ta. Irin wannan bincike ne ya buɗe hanyar gane dalilin da ya sa abincin da zai kashe ɗan agwagwa cikin kwanaki, tunkiya za ta ci ta tashi. Darasin a nan shi ne, don akuyarka ta ci ba ta faɗi ba, ba hujja ba ce cewa ɗanka ya tsira. Shi da Adekunle kuma sun gwada gubar a kan ƙwan kaza, suka ga tana naƙasa ɗan tsakon tun yana cikin ƙwai.

A 1972 jami'ar Landan ta ba shi babban digirin kimiyya, wanda ake bai wa masani bayan an auna tarin ayyukan da ya buga. Amma in ana maganar tasirin malamin jami'a, ɗalibai ake dubawa. Bababunmi ya zama farfesa, daga baya ya shugabanci jami'ar jihar Legas. Emafo ya shugabanci hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi. Wasu ɗaliban sun watsu cikin jami'o'in Najeriya suna koyar da abin da suka koya a hannunsa. Bassir ya rasu a Ibadan ranar 23 ga watan Mayu, 2001.

ABIN DA AKA TABBATAR BAYANSA

Gwajin Bassir a kan dabbobi ne. Waɗanda suka biyo baya sun kai maganar kan mutane. A 1987 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa aflatoksin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na hanta. Wani bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya nuna cewa wanda ya haɗa gubar nan da ƙwayar cutar hanta nau'in B, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta ya kai ninki kusan 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. Cutar hanta nau'in B kuwa ba baƙuwa ba ce a Sahel.

A 2002, an auna jinin yara 480 a ƙasashen Benin da Togo. Kashi 99 cikin 100 na ɗauke da alamar gubar, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawanta. Ta fi hauhawa ne lokacin yaye, sa'ad da yaro ya bar nono ya koma kan kunu da tuwo. A 2004 a Kenya, mutum 125 suka mutu bayan cin masara mai ɗauke da ita. Wato ba gyaɗa kaɗai ba ce, masara ma na cikin abin da funfunar ta fi so. Kuma saniyar da aka ciyar da gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da wani kaso na gubar cikin nononta.

ME YA FARU DA GYAƊARMU?

Kada mu ɗora wa aflatoksin laifin da ba nata ba. Abin da ya karya zamanin gyaɗa a Magarya abubuwa ne da dama. Faransa ta janye farashin gata da take saye da shi a ƙarshen shekarun 1960. Fari ya biyo baya daga 1968 zuwa 1974. A 1975 cutar nan mai sa ganyen gyaɗa ya dunƙule, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Manoma suka koma gero da wake, gwamnati kuma ta sami yuraniyom na Arlit da aka fara haƙa a 1971. Masana'antun mai suka rasa abin tatsa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi.

Inda gubar ta shigo shi ne wajen hana mu komawa kasuwar da muka bari. A 1998 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye kada gubar ta wuce maikrogiram 4 a kilo ɗaya. In kuna son ku gane ƙanƙantar wannan, giram 4 ke nan cikin ton 1,000, wato abin da bai kai nauyin ƙwayar sukarin shayi ɗaya ba cikin lodin manyan motoci da dama. Wanda ba shi da ɗakin gwajin da zai auna ya ba shi takarda, ba ya shiga wannan kasuwa.

Ga wani abin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki da asibitin Magarya wajen jinyar yara masu tamowa, kuma kowace damina mun san yadda ɗakunan ke cika. Abincin da ke ceto yaran nan, Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Ana yin sa har a Yamai. Amma gyaɗar da za ta shiga ciki sai an auna ta an tabbatar da tsabtarta, shi ya sa masana'antu da dama a Afirka ke shigo da gyaɗa daga wasu nahiyoyi. Ƙasar gyaɗa, yaranta na warkewa da gyaɗa, amma manominta bai da tabbacin tasa za ta ci jarabawa.

INA BARAGURBIN KE ZUWA?

Yanzu mu dawo tsakar gida. Kowa ya san yadda ake yi in za a kai gyaɗa kasuwa. Inna ta zauna da faifai ta tsince: manya masu kyau su shiga buhu, tiya ta yi daraja. Motsattsu, fasassu, masu baƙi-baƙi da waɗanda suka canza launi a ware su gefe. To ina ake kai su? Ba zubarwa ake ba. Su ake soyawa a tatsi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a sa a miya, ko a miƙa wa yara su ɗan taɓa. Kuma a cikin waɗannan ne gubar ta fi taruwa. In an tatsi mai, mafi yawanta a tunkuza take zama. Turai ta kare kanta da doka, ɗan kasuwa ya kare kansa da zaɓe, abin da aka ƙi ya dawo tukunyarmu. Ba laifin Inna ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mata, kuma a gidan da hatsi bai kai damina ba, zubar da abinci ba ƙaramar magana ba ce.

Amma akwai abin yi, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ƙasar Gini an gwada shi a ƙauyuka 20, aka buga sakamakon a 2005. An koya wa manoman rabin ƙauyukan su tsince gyaɗa da hannu, su shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sarai, su zuba a buhun da iska ke shiga, su ɗora buhunan a kan katako. Bayan wata biyar, alamar gubar a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba.

Mu ƙara da abin da masanan Samaru da na cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai suka nuna. Funfunar ta fi samun shiga in ruwa ya ɗauke gab da nunar gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage. Saboda haka a shuka da wuri, a nemi iri mai saurin nuna, irin 55-437 da ake kira ƴar Dakar, wadda aka shaida tana da ɗan juriya. A cire gyaɗa da zarar ta nuna. Kada a tara ta jiƙe a lulluɓe da leda. Kada a yayyafa mata ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa ko ta yi nauyi a sikeli. Ƙwayar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita, kada a ba yaro, kada a ba saniyar tatsa. Sannan a kai yara rigakafi, domin tun 2008 allurar cutar hanta nau'in B na cikin alluran da ake yi wa jarirai a Nijar.

SAURA NAMU MASANAN

Lokacin da Bassir ke gwaje-gwajensa na farko a kan gubar nan, Nijar ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar da ta zama jami'ar Yamai. Yau muna da jami'ar André Salifou a Damagaram, muna da ta Maraɗi mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, wanda shi ma malamin shimi ne. A can Maraɗi akwai masana kimiyyar abinci irin su Dakta Issoufou Amadou, wanda ya yi karatu a Sin ya kuma yi rubuce-rubuce kan amfanin gero. Muna da INRAN. Mutanen akwai su.

Abin da muke roƙo shi ne aikin ya sauko ƙasa. A zo kasuwannin Magarya, Dungas, Guci da Dogo-Dogo a ɗebi gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masara a auna, a kaka da kuma tsakiyar damina, a faɗa mana sakamakon da Hausa. Ƙungiyoyin mata masu tatsar mai su sami inda za su kai kayansu a gwada a farashin da za su iya. Magadan gari da sarakunanmu su sa baki. Ɗalibanmu na lise masu son shimi kuma su sani, darasin nan ba na cin jarabawar BAC kaɗai ba ne. Bassir da shi ya bi sawun guba daga bakin ɓera har maɗaciyarsa, ya bar ɗaliban da suka ci gaba bayansa.

Kafin masu awo su iso, faifai na hannunmu. Bana in an zauna tsintar gyaɗa, a yi kashi uku: ta kasuwa, ta gida mai kyau kamar ta kasuwa, sai baragurbin da za a binne. Iyayenmu mata da ba sa shiga intanet, wanda ya karanta ya karanta musu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.